Na Haɗu da Surukina da Gajeren Wando

Jama'a, yau ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba!

Na shiga tseren gudun nan na Mafara zuwa Bakura. Rana ta ƙwalle, iska ta tsaya cak, gumi har cikin ido. Na haye tudu da ƙyar, ni ne kan gaba, daga ni sai singileti da gajeren wando.

Ina gangarowa bakin kanal ɗin ruwan noman Bakolori, sai ga baban matata, limamin ƙauyensu, bisa keke! Babu wurin ɓuya. Na tsuguna.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau. Ya iyali? Ya damina? Ya jikin tsohuwa?"

Yana jero gaisuwa, 'yan tsere na wuce ni. Da ya gama na yunƙura, jijiyar ƙafata ta ɗaure! Na koma zaune cikin taɓo.

Ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe ni, ya goya ni bayan keke har wurin ƙare tsere. Mutane sai shewa!

Da zai tafi ya raɗa mini: "In babu ce ta kai ka ga haka, ka riƙa faɗi. Gobe zan aiko maka da wando."