Wilf Pybus, Mai Leƙa Bakin Doki

Kafin motar madara ta shigo garinmu, Wilf Pybus ya riga ya shanye shayinsa, ya ɗauki bokitin magagarai, ya nufi bargar da aka kira shi. Aikinsa gyaran haƙoran dawaki. Zai naɗe riga, ya zura hannu cikin bakin dabba har gwiwa, yana yi mata hira kamar tsohuwar maƙwabciya. Makon jiya ya ajiye aiki, da yatsu tara da guntu.

Ban yi karatu mai nisa ba, amma ina da ciwon tono asalin magana. A nan Yorkshire, in mutum yana so a gaskata labarinsa sai ya ce daga bakin doki ya samo shi, wato daga tushe, ba jita-jita ba. 'Yan cacar sukuwa sun ce maganarsu ce, wai dokin ya fi mahayinsa sanin wanda zai ci tsere. Ni na fi yarda da tsofaffi: dillali yana iya rage wa doki shekaru, amma mai ido yana karanta su a haƙora. A wannan karatun Wilf ya yi furfura.

Abin da na daɗe ina juyawa a raina ya faru ne a kasuwar dawaki ta kaka. Clifford, yayan Doreen matar Wilf, ya kawo wata goɗiya ya ce shekararta bakwai. An goge mata haƙora, an ɗiga musu baƙin tabo da ƙarfe mai zafi don su yi kama da na matashiya. Uwargida Alderson, mai koya wa yara hawa, ta ce ba ta saya sai Wilf ya duba.

Clifford ya ja shi gefe, ina tsaye kusa.

"Wilf, kai fa na gida ne. Leƙa kawai, ka gyaɗa kai."

"Wuyana ciwo yake."

"In matar nan ba ta saya ba, mahauta zan kai goɗiyar. Kuma wallahi sai Doreen ta ji."

"Tsaya a kan ɗaya mana. Duka biyun ai yanka ne."

To ga matsalar: ƙarya za ta ceci dabba ta bar gida lafiya, gaskiya kuwa wuƙa za ta kai ta. Da ni ne, da har yanzu ina tsaye a wurin ina tunani.

Wilf ya buɗe bakin goɗiyar, ya daɗe a ciki.

"Yaya?" in ji Uwargida Alderson.

"Ranki ya daɗe, baiwar Allahn nan da ita aka yi bikin aurena."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Clifford ya yi tsalle. "Maci amana! Ƙanwata ta yi asarar miji!"

"Ta sani tuntuni," in ji Wilf.

Sai ya ba Clifford abin da mahauci zai ba shi, ya kwance igiya, ya ja goɗiyar ta tsakiyar gari har ƙofar gidansa. Doreen ta fito da ludayi a hannu.

"Wace ce wannan?"

"Baƙuwa ce, daga danginki."

"Ɗayanku a waje zai kwana!"

Dukansu biyu suka kwana a waje. Goɗiyar tana bayan gidan har yau, ta cinye kabejin Doreen kaf, kuma Clifford bai sake zama a teburinsu ran Lahadi ba.

Kai ne, Wilf, ka warware min abin da na kasa. Na ɗauka ƙofa biyu ce kawai: ko ka yi ƙarya don tausayi, ko ka faɗi gaskiya ka kaɗe riga ka tafi. Kai kuwa ka faɗe ta, ka tsaya ka ɗauki nauyin ɓarnar da ta yi. Mai hannu a bakin doki, mun gode, da mu da dawakin da suka cije ka.

Ku kuma matasan barga, ku yi koyi da shi. Ku duba da idonku kafin ku buɗe baki. Amma ku tanadi ɗan fili a bayan gida, domin wata gaskiyar biyo mutum take yi, kuma tana cin abinci.