Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Kwamfutar Maigidana

Maigidana yana da shagon haɗa bidiyon biki kusa da tashar Rogo, kuma duk faɗin garin babu wanda ya kai shi yarda da kansa. Shi ya ɗauki bikin ƙanwata a gidanmu na Kurugu, wata biyu kafin rasuwar Inna. Inna ba ta son kyamara ko kaɗan, amma ranar murna ta ɗauke mata hankali, aka kama ta tana kai da kawowa tana dariya. Wannan ne kaɗai motsinta da ya rage mana a duniya, kuma yana cikin kwamfutarsa. Katin kyamarar kuwa tuni ya goge shi ya ɗauki taron wani ɗan siyasa.

Bayan sadakar arba'in Baba ya aiko yana so ya ga bidiyon. Baba ba mai tambayar abu sau biyu ba ne, don haka washegari na je shagon da filas ɗina na kwamfuta, na ce wa Malam, wato maigidan nawa, ya juye mini bidiyon yadda yake. Ya dube ni sama da ƙasa. Wai shi zai kai wa surukinsa ɗanyen aiki, ba kiɗa, ba furanni masu yawo a allo? Kuma ma kwamfutar tana nawa, sai ya ƙara wa ƙwaƙwalwarta gudu tukuna, abin da yake kira furosesa. Ya ga wani Bature ya yi a waya. Masu ƙera ta, in ji shi, rowa suka yi, suka ɗaure ta ƙasa da ƙarfinta, shi zai kwance ta. Wannan fa mutumin da ƙofar kicin ɗina ta shekara tana jiran ya buga mata ƙusa biyu.

Ya ɗaga lambar gudun, ta tashi, ta yi minti goma, allo ya rikiɗe ya koma shuɗi. Ya ƙara mata wuta, ta ɗau zafi ta mutu. Ya rage wutar, ta sandare, ko kibiyar nan ta kan allo ta ƙi motsi. Kullum na taso daga makarantar da nake koyarwa na biya, sai in tarar an sami sabon mai laifi. Litinin janareta ne ba ya ba da wuta daidai. Talata farin man da ake shafa wa furosesar ne ya bushe, ya hau babur har Karaye ya karɓo wani a wurin abokinsa. Laraba fankar ciki ce jabu. Ya cika bayan wata kalanda da lambobi, wannan ya soke, wancan ya zagaye, fuska a murtuke kamar likita. Na tambaye shi me zai hana ya mayar da ita yadda ya saye ta ya gama mini aikina. Ya ce ba zan gane ba, ni malamar aji uku ce kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haɗiye.

Ƙarshe ya tsayar da magana a kan zafi. Bazara ce, shagon kuma rufin kwano. To, a wurinmu in ana son ruwa ya yi sanyi, sai a jiƙa buhu a naɗe jarka a ajiye a iska. Kowa ya san wannan, har yara. Malam ya samo tsohon buhun gyaɗa, ya tsoma shi a bokiti, ya ɗan matse, ya lulluɓe akwatin kwamfutar ruf, duk hudojin da take shan iska suka toshe, ya juyo da fanka a kai. 'Yan acaɓar da ke fakewa a inuwar shagon suka yi ta jinjina masa, wai Bature ma bai kai nan ba. Da ya ga ta wuce rabin awa ba ta faɗi ba, har waya ya buga mini in zo in ga ilimi.

Ina sa ƙafa a bakin ƙofa na ji tas, sai warin ƙonanniyar roba. Ruwa ya ɗiga ciki. Ya yaye buhun, hayaƙi na fita, ya juyo yana nuna mini agogo.

"Kin gani ko? Minti arba'in ta riƙe."

Na ce, "Malam, ina uwata?"

'Yan acaɓa suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Ya kai ma'ajiyar kwamfutar Kano. Mai gyara ya ce ba ma ruwan ba ne, mutuwa da tashin da ta yi ta yi tana tsakiyar aiki ne ya ɓata bidiyon tun tuni. Abin da ya iya cetowa bai cika minti ɗaya ba, shi ma hoton ya tsaya cak a kan ƙarfen rumfa, sauti ne kawai ke tafiya.

Ranar Juma'a muka je Kurugu. Na sa Malam ya miƙa wa Baba wayar da aka juye guntun bidiyon a ciki da hannunsa. Aka ji hayaniyar mata, sai muryar Inna kusa da kyamara, tana cewa, "Ɗan nan, ajiye na'urar nan ka ci abinci mana, tun safe kake tsaye."

Baba ya sa aka maimaita sau uku. Ya zaci iyakar abin da aka ɗauka ke nan. Ya dafa kafaɗar Malam ya ce ya kyauta, Allah ya yi masa albarka. Malam ya ce amin kansa a ƙasa. Ni ma na ce amin, kuma har yau ban faɗa wa Baba cewa a da har da fuskarta a cikin bidiyon ba.