Ɗumamen Mai Jan Bargo

Ku da kuke kwana gardama cikin gurup kan wane jarumin littahin zane, wato BD, ya hi wane ƙarhi, ku tsaya ku ji nawa. Ni ba cikin telehon na haɗu da jarumina na hwarko ba. Bakin murhun Kaka Tani na san shi, can Dumega, hayaƙin kara na yi min yaji a ido.

Da an yi magariba an kwashe tuwo, Kaka takan cire malmala guda ta sa cikin wani kwano mai marhi ta aje gehe. Ba mai taɓa shi. Da sahe shi ne ɗumamenmu, har kokawa muke a kai. Sannan ta tura kara cikin wuta ta harare ni: "Maigida, matso. Cehwane ba ka iya ba, amma wajen cin labari ba a barinka baya." Ta ce ga ta nan tahe, mu ce ta iso da ƙahwarta.

Kullum Mai Jan Bargo muke roƙo. Saurayi ne da wata doguwar aljana ta so tun yana kiwo, ta ba shi jan bargo. In ya yahwa shi sai sama, kamar shirwa. Ya tare dutsi da hannu guda, ya tsamo mota daga gulbi, ya naushi dodon ƙarhe, nan Kaka za ta buga ƙwarya, "Gum!", mu watse da ihu. Amma yana da ƙanwa da ke aje mai tuwo kowace maraice. Ko ina ya tahi, ƙarshen ɗaya ne: ya sauko bayan rumbu, ya kakkaɓe bargonsa, ya ce, "Ke, ina rabona?" Sai Kaka ta tahwa hannu, wai ɓera ya ɗauke sauran.

Ba ta taɓa ɓoye inda ta samo shi ba. Shekarun da anka samu ƴancin kai, wanta Arzika na lekol, makarantar boko, a Dogon Dutsi, ya zo hutu da wani littahin zane. Ita ba a sa ta lekol ba. Sau ɗaya dai ta ga zane na motsi jikin hwarin ƙyalle, ranar da motar sinima ta zo, ta ce ranar ko abinci ba ta nema ba. Arzika ke karanta mata littahin kaɗan kaɗan, yana ja mata rai. Kahin su kai ƙarshe, wata sahiya ta damina itace ya jiƙe, ta yage takardun baya ta hura wuta da su. Ya yi hushi, ya ce sai ya komo daga Kumasi zai hwaɗa mata yadda anka ƙare. Ya tahi cin rani. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Duk wannan na sani tun ina ƙarami. Haɗa su ne ban taɓa yi ba.

Bana da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, kaina ya yi zahi, na je Dumega a yi min barka. Kaka ta buɗe kwalla ta hiddo abin da ya rage na littahin, ya yi ja kamar goro. Na ɗauki hoto, ina komawa Dogon Dutsi na jehwa cikin gurup ɗinmu na masu son tsohon zane. Wallahi wani tsoho ya turo min shi cikakke! Na zuge shi tsaye. A takardar ƙarshe jarumin ya tashi cikin taurari, yarinya na ɗaga mai hannu daga ƙasa, shi ke nan.

Ni da babban yatsana ba ma shawara. Na danna vokal, saƙon murya, zuwa telehon ɗin Hadiza, ƴar kawuna da ke kwana ɗakin Kaka: "Kaka, na kama ki! Mutumin naki bai koma gida ba sam, ya wuce abinsa, ba tuwo ba rumbu!" Har da dariya na haɗa.

Ina sakin yatsa kwanon nan mai marhi ya hwaɗo min a rai. Na yi sauri in goge. An riga an saurara.

Sai washegari da maraice amsa ta zo. Ina jin ƙarar muciya bayan muryarta. "Maigida, na ji karatunka, Allah shi ƙara basira. Shi mai zanen nan takarda ce ta ƙare mai. Wanda ya yi tahiya, yunwa na koro shi wata rana." Kahin vokal ɗin ya yanke na ji ta ce, "Hadiza, miƙo min kwanon nan."

Shekara da shekaru ina lashe ɗumamen Arzika ina cewa tuwon Kaka ya hi daɗi in ya kwana. Har yanzu ina son tsohon BD, ba zan yi muku ƙarya ba, jiya ma na sauke wani. Amma in na kusa takardar ƙarshe yatsana kan tsaya, in kihe telehon ɗin in bar shi nan.