Mai Ɗaga Tuta a Bakin Tasha

A bakin tasha wani magidanci siriri yana tsaye cak bayan teburin lemo. Direbobi suna wucewa, ba mai saye. Ashe shi ne ya ɗaga tuta a wasan ƙarshe na gasar ƙasa bara, aka soke ƙwallon ƙungiyar garinsu, kofi ya kuɓuce.

"Haba Alƙali," in ji wani direba, "ka ce kuskure ka yi mana, yanzu mu saye lemon nan kaf."

Yana fere lemo a tsanake, ɓawon bai tsinke ba. Da alama cinikin nan iyali suke jira.

"Ɗan'uwa, ni ma na so kofin nan. Amma yaronmu ya yi satar gida, da taku guda."