Hoton Ɗan Farin Inna

A gidanmu na Shamaki kowa ya san cewa kafin Hamma, babban wanmu, Inna ta taɓa haifar wani yaro. An sani, amma ba a zancen. Ni ce auta, bakina ba shi da linzami, duk da haka ban taɓa iya tambayarta ba. Ɗan abin da na sani a bakin Goggo na tsince shi, ƙanwar mahaifinmu. Ta ce tun suna ruga aka haife shi, kafin shanu su ƙare su shigo gari. Da aka yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Inna ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya nufo ta sai ta kau da kai. Ba ƙi ba ne, kunya ce, haka ta taras ana yi. Ƙyanda ce ta yi ajalinsa yana ɗan shekara uku. Goggo ta ce ranar da aka kai shi, Inna ɗaukar ƙwaryarta ta yi ta tafi tatsa.

Goggon ce kuma ta ba ni labarin wani Baturen Faransa da ya yi damina guda a rugarsu. Dogo ne, in ji ta, da ɗan Fillancinsa na koyo mai ba yara dariya. Yana cin abin da aka ci, yana bin makiyaya daji da akwatin hotonsa a wuya. Sai da ya yi makonni bai ɗauki kowa ba, har aka saba da shi. Da kaka ta yi ya tafi, ba su sake jin ɗuriyarsa ba.

Wata rana ina guga a gidana da ke Dawaki, rediyo na kunne, sai na ji labarin rasuwar wani mai ɗaukar hoto ɗan Faransa. Aka ce ya ƙarar da rayuwarsa yana zama da mutanen da mota ba ta kai wa gare su, na kan duwatsu, na tsibirai, da makiyaya a ƙasashenmu, yana yi musu hotuna da fina-finai. Aka ce iyalansa sun zuba aikinsa a intanet. Na tsaya saurare, har na kusa ƙona mayafina.

A lokacin idon Inna ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a lallaɓa wanda ya rage. Na hagu ya riga ya rufe. Da na dama tana iya tsintar shinkafa in ta fito haske. Na ƙudurta a raina cewa in dai yaron nan yana cikin hotunan, sai ta ga fuskarsa kafin wancan idon ma ya tafi.

A makarantar da nake koyarwa akwai abokiyar aikina mai koyar da Faransanci. Kwana da kwanaki muna bin hotunan a waya lokacin hutun tara. Na ga masunta cikin ƙanƙara, na ga tsofaffi a ƙauyen da matasa suka watse suka bar su. Mutumin ba ya ɗaukar mutane suna murmushin dole, yadda ya same su haka yake barin su. Can sai ga kakarmu. Na shaida ta da zanen fuskarta, ga ta a bakin bukka da yara uku, ɗaya a cinyarta. Malamar ta fassara mini abin da ya rubuta a ƙasa. Wai kaka ce da jikanta, wai ya roƙi uwar yaron ta ɗauke shi a yi musu hoto ta ƙi, kuma har ya bar wurin bai gane dalili ba. Na ce a raina, ai kuwa ni na gane. Ashe ni ma da sauran karatu a gabana.

Ranar Asabar ɗin makon ake sunan ɗiyar Hamma. Tsakar gida cike da mata, ga dangin matarsa, ga maƙwabta. Ni kuwa zumuɗi ya hana ni haƙuri. Ko mayafi ban cire ba na durƙusa gaban Inna, na kai mata wayar daidai fuska, da muryata da ba ta san raɗa ba na ce, "Inna, duba ki gani, ga ɗanki na fari."

Mata suka juyo gaba ɗaya. Inna ta juya kanta gefe, ta jawo faifan da ke kusa da ita.

"Kai wa Goggonki ta gani," ta ce. "Ni ina na san wani yaro."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na taunawa. Na ce da ita wannan kunya tata ta ishe ni, yaro ya yi shekaru a ƙasa amma har yau ana kau masa da kai. Na faɗi haka a gaban surukanmu. Na sa takalmina na fita, ko tuwon suna ban ci ba.

Wata uku ina zuwa gaisuwa a tsaitsaye, ba na tada zancen, ita ma ba ta tayar ba. Ina jira ta tambaya. Wallahi har yau in na tuna da wannan jiran sai in ji kamar in mari kaina. Matar da ba ta kira sunansa yana raye ba, ita nake jira ta buɗe baki ta roƙe ni hotonsa.

Goggo ce ta tako har Dawaki ta same ni. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara. "Ke boko bai tsinana miki komai ba. Ana nuna wa uwa ɗan fari a bainar jama'a? Ajiye mata ake yi a ɗaki, a fita, a ja labule. Kullum na je sai ta ce mini ko auta ta canja wayar nan tata. Me kike tsammani take tambaya?"

Washegari na je shagon mai wanke hoto na sa aka yi shi babba, ya kai faɗin faranti. Da hantsi na isa Shamaki, lokacin da yara suke makaranta. Na gaishe ta, na ajiye ambulan ɗin a kan gadonta ban ce komai ba, na fito na ja labule, na zauna a kan turmi.

Na daɗe a wurin. Can na ji ta kira ni, a hankali.

Tana zaune a bakin taga, hoton na dab da hancinta. Tana juya shi, tana karkata kai. A nan na gane cewa cikin wata ukun nan na daman ma ya kusa bin ɗan'uwansa, ba ta gaya wa kowa ba. Babban yatsanta yana shafa fuskar wata yarinya da ke tsaye a gefe, 'yar maƙwabta ce ko wa, oho.

Na durƙusa. Na kama yatsan na matsar da shi zuwa cinyar kakarmu. Ba ta janye ba.

"Nan ne?"

"Nan ne, Inna."

Ta ƙara matso da hoton. Sannan ta ce, "Baturen yake kallo?"

Sai lokacin na duba da kyau. A waya ban lura ba, amma da aka faɗaɗa shi komai ya fito. Yaron ba Baturen yake kallo ba. Ya karkata wuya zuwa ƙarshen hoton, inda aka yanke wata mace, ba a ganin komai nata sai gefen bayanta da gwiwar hannu da bakin ƙwarya.

"A'a," na ce. "Akwai wata a gefe da ƙwarya, ta juya baya. Ita yake kallo."

Inna ta ɗora tafin hannunta gaba ɗaya a kan wurin.

"Ni ce," ta ce. "Ina jin idonsa a bayana. Ja mini labulen in kin fita."