Gwaggo da Matar Reshe

Gwaggona, ƙanwar babana, ta yi rabin rayuwarta a bayan wani tebur mai kallon ƙofa, a kamfanin da ke sayar da injinan ban ruwa. A ofis Anti Halo ake ce mata. Duk kiran da ya shigo a kunnenta yake fara sauka, ita ke tura shi wurin manaja, ko akanta, ko makanikai. Wayarta mai maɓallai ce birjik, ɗaya a gefen dama har rubutunsa ya goge saboda dannawa. Shi ne na reshe.

Reshen yana wani gari, tafiyar yini guda a mota, kuma can sito yake. Kowane ofis da akwatin wayarsa, layi ɗaya ya haɗa su. Idan mai saye ya kira yana neman kayan gyara, sai Gwaggo ta ce ya ɗan riƙe, ta danna maɓallin, mai amsa wayar can ta ɗauka, ta miƙa mata shi. A wannan ɗan tsakanin suka ƙulla zumunci. Matar ta girme ta, don haka Yaya take ce mata.

"Yaya, ga wani yana neman mai sito, a fusace yake. Ya ƙafar taki?"

"Da sauƙi, ƙanwata. Turo min shi in sha faɗa."

Iyakar hirar ke nan. Labari ɗaya sai ya kai su yamma, a gutsure. Da safe Yaya za ta fara ba da labarin surukinta mai rowa, kira ya katse ta, da rana ta ɗora daga inda ta tsaya. Gwaggo ta san tarinta, ta san akwai tela a ƙetaren titinsu don tana jiyo kekensa. Fuskarta ce kawai ba ta taɓa gani ba. Ranar da Gwaggo ta koma aiki bayan rasuwar mijinta, ta danna maɓallin amma murya ta ƙi fita. Yaya ta ce, "Ina jin ki. Bar shi ya jira." Suka yi shiru tare, mai saye na can yana ta halo, halo.

Ana nan kamfani ya kawo mai gyaran waya ya sauya akwatunan. Mutum ne mai fara'a, yana ɗaure wayoyi yana yi mata bayani.

"Anti, yanzu injinan ne za su riƙa sanar da juna. Na nan zai aika saƙo ta hanyarsa ya ce ga kira, na can ya amsa ya ce turo, murya kuma ta bi wata hanya daban. Mai saye ya danna lamba, sai teburin mai sito. Kin huta."

"To, ni da ta reshen fa, ta wace hanya za mu bi?"

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi.

Gwaggo aka bar ta tana tarbar baƙi. Yaya kuwa aka sallame ta, dama lokacin ajiye aikinta ya gabato. Sun karɓi lambar juna, suna kira a wayar hannu, amma abin bai yi armashi ba. A gaisa, a tambayi yara, sai a rasa ta cewa. Gwaggo ta taɓa ce min, "Mu da muka saba a katse mu. Yanzu ga fili, ga lokaci, bakin ya mutu."

Da ta samu hutu, sai ta bi motar kamfani mai kai kaya, ba ta faɗa wa Yaya ba, wai ta ba ta mamaki. Ta saya mata gyale da man shafawa na ciwon ƙafa. Da suka isa, maigadin reshen ya ce ai Yaya ta tashi, ɗanta ya ɗauke ta zuwa garin da yake aiki, can gaba da nisa. Gwaggo ta roƙa aka bar ta ta shiga. Teburin na nan, an jibga masa kwalaye. Ta ja kujerar ta zauna. Ashe ofishin ƙarami ne, taga ɗaya, kuma telan da take zaton dattijo ne matashi ne siriri. Daga nan ta kira ta.

"Yaya, kin san inda nake zaune?"

Yaya ta jiyo ƙarar keken telan ta cikin wayar, ta ce, "Kai, ƙanwata. Me ya sa ba ki faɗa min ba?" Sai kuka, su duka biyun.

Washegari ta biyo motar ta dawo da gyalen a jaka. Yanzu ita ma ta ajiye aiki, tana gidan babbar 'yarta tana fama da jikoki. Yaya kunne ya yi nauyi, jikarta ce ke riƙe wayar tana maimaita mata magana da ƙarfi. Duk shekara suna cewa bana za a haɗu. Gwaggo ta ce min in na samu hutu in raka ta, na ce to.