Don Eleuterio Quimí, mutumin da ya ƙi sa mini hannu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, Allah ya karɓi ran Don Eleuterio Quimí a gidansa da ke Guayaquil, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ejan fiton kaya ne a tashar jiragen ruwa. Shi ya tsaya wa 'yata a baftisma, shi ya sa nake ce masa compadre.

Compadre, kowa ya san ni a garinmu Milagro. Ba wanda ya ba ni jari. Da tankin feshi a bayana na fara, a gonakin ayaba na wasu, yau ina shigo da maganin ƙwari da na wanke asibiti kwantena guda. Amma ranar da na fara shiga ofishinka ban san cewa irin wannan kaya ba ya fita sai da rajistar hukumar noma da izinin shigowa ba. Ka dubi takarduna, ka yi dariya, ka ce, "Ɗana, da waɗannan ko gishiri ba za ka fitar ba." Ka aika aka sayo mana romon kifi, ka zaunar da ni har la'asar kana koya mini. Shekara goma sha tara muna tare, ba a taɓa riƙe mini kaya ba.

Ba ni kaɗai ba. Lokacin annobar korona, da maganin wanke asibiti ya maƙale saboda takardar jikinsa ba da yarenmu aka rubuta ba, kai da matarka Doña Zoila kuka yi kwana uku a sito kuna manna sababbi da hannu.

A watan Oktoba aka kawo mini jarka ɗari huɗu na maganin feshi. Kamfanin da ya yi maganin ya buga koren zane a gindin takardar jikin jarkokin, alamar haɗari kaɗan, alhali ja ne a rajista, alamar haɗari mai tsanani. Ka ce sai an sake takardun, wata biyu ke nan. Na ce damina ba ta jira, kuma kore ya fi shiga kasuwa.

"Compadre, launi ne fa kawai."

"Launi ne kawai a wurinka, da ka yi sakandare. Mai feshi ba ya karatu. In ya ga kore, cire ƙyallen hanci yake yi."

"Ni za ka koya wa feshi? Tsufa ya sa ka tsoro."

"To, je ka nemi mai ƙuruciya. Hannuna ba zai hau ba."

Na nema, na samu, kayan suka fita cikin kwana huɗu. Na sayar kafin Kirsimeti, ina alfahari, ko gaisuwa ban aiko maka ba.

Makon jiya aka kwantar da leburori biyu daga wata gona ta Naranjal a asibiti, ɗaya har yanzu bai farfaɗo ba. Jarkata aka samu a wurin. Ranar Laraba na ɗauko mota na zo in ce maka kai ne da gaskiya, ka nuna mini yadda ake janye kaya daga kasuwa. Kujerun zaman makoki na tarar an jera a ƙofar gidanka.

Doña Zoila ta ce har ka kwanta ciwo kana tambaya, "Mai taurin kan nan ya sake takardun?"

Jarka sittin da uku na dawo da su. Sauran sun bi ƙananan shaguna, an ɗura a kwalaben lemo, an sayar wa mutanen da ba wanda ya rubuta sunansu. Na sa sanarwa a rediyo, na kai kaina hukuma. Ruwa yana zuba, cuta ta kama ganyen ayaba, kowa feshi yake yi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Doña Zoila, da 'ya'yansu Maritza da Nelson, da abokan aikinsa na tasha. Allah ya jiƙanka, compadre, ya haskaka makwancinka, ya ba iyalinka haƙuri. Kai ka tafi da hannunka tsaf. Waɗanda za su zo addu'ar kwana tara, in kun gama roƙa masa, ku roƙa wa wanda zai buɗe jarkata gobe da safe, don ni ba zan isa wurinsa ba.